Ofis Ba Ya Ganin Fuska

"Sauke ni, ban zama gawa ba tukuna," in ji Farfesa, yana haki a kafaɗar maƙwabcinsa Direba.

Direba ya zaunar da shi a bencin ƙarfe, can ƙarshen layin masu jiran gado a asibiti. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun da tsohon ya bar koyar da ilimin zamantakewa a jami'a, Direba ne ya zama ajinsa. Ko taya yake canzawa sai Farfesa ya jawo kujera ya dasa masa darasi: akwai mulkin gado, akwai na kwarjini, akwai na doka. Na doka ya fi, domin ofis ba ya ganin fuska. Direba ya ce "to", ya ci gaba da ɗaure noti.

Yau kuwa ƙirjin tsohon na kuka kamar injin da ya sha ruwa, kuma gado ɗaya mai iskar numfashi ya rage a asibitin.

"Baba, ai shugaban wurin nan ɗalibinka ne. Bari in hau sama."

"Kada ka kuskura. Layi."

Direba ya kuskura. Shugaban ya tarbe shi da fara'a a ofis mai sanyi.

"Allah sarki, Malam! Ai shi ya yi ni. Amma ka san halinsa. In na tsallakar da shi layi na ci amanar karatunsa. Ofis ba ya ganin fuska, shi ya koya mana. Ka gaishe min da shi."

Da Direba ya sauko ya faɗa masa, sai tsohon ya yi murmushi, har da gyara zama.

"Yaron kirki. Ya riƙe karatu."

Direba ya ji kamar ya shaƙe wani, ya rasa wa.

Ba a jima ba wata baƙar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Sai ga shugaban da kansa ya sauko da sauri, yana tura keken marasa lafiya. Wanda aka ɗora a kai waya ma yake yi, yana dariya.

"Ranka ya daɗe, gadon na nan a shirye," in ji shugaban.

Suka wuce ta gaban bencin. Tayar keken ta gogi takalmin Farfesa, shugaban bai waiwayo ba.

"Baba, wannan kuma wane irin mulki ne?" in ji Direba. Haushi ne ya sa shi, kuma tun bai rufe baki ba ya yi nadama.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙofar da ta rufe.

"Wannan ba ni na koya masa ba."

Ya jingina kansa a kafaɗar Direba. Hakin ya yi ta raguwa, kan ya yi ta ƙara nauyi. Direba ya karanta masa kalmar shahada a kunne, hawaye na zuba.

Da aka ɗauke shi, wata mata da ke tsaye a bayansu ta gyara goyonta, ta zauna a gurbinsa. Layi ya matsa gaba.