Shinkafar Mutanen Ɓaure

Kwana uku da ɓatan Lenja, mazan dogon gidanmu, wanda duk ƙauyen ke zaune a cikinsa, suka rataye addunansu suka ce sun gaji da nema. Wai duk wadda mutanen ɓaure, iskokin da ke zaune a bishiyar, suka ɗauka ta tafi ke nan. Har wani ya dube ni ya ce, "Chambai, ki yi haƙuri, ai ƙawa ce, ba miji ba." Shekara goma sha ɗaya muna kwana tabarma ɗaya da Lenja, kaf gidan babu wanda bai san matsayinta a wurina ba, amma ranar sai ta koma ƙawa. Na bar masa wurin, don da na buɗe baki sai an kira shugaban gida.

Da hantsi na juya rigata baibai, yadda ake yi don kada kurmi ya rufe wa mutum ido, na bi rafi har gindin ƙaton ɓauren da aka tsinci kwandonta. Na kewaya shi ta hagu. A zagaye na uku sai ga tsani, na hau.

Wari ne ya fara tarbata, irin na mushen da ya kwana biyu a ruwa. Gidan dogo ne kamar namu, sai dai daɓen duk ruɓaɓɓen itace, kana takawa ruwa na tsattsafowa ta tsakanin yatsunka. Mutanen kuwa kyawawa ne, wannan ba zan hana su ba. Suna zaune cikin ƙazantar nan da ado kamar ranar bikin girbi, kowa na murmushi. Na tsani murmushin nan tun daga bakin tsani.

Lenja na zaune kusa da wata tsohuwa, ta rame, leɓenta ya tsage. Tana ganina ta miƙe.

"Sai yanzu, uwar nawa? Na ɗauka sai kin gama wanke tukwane."

"Kin ci wani abu?"

"Ko ruwa. Ni yarinya ce? Amma Chambai, ki ji ƙamshin shinkafar nan, kwana uku tana neman kashe ni."

Na kalli akushin da ke gaban tsohuwar. Rigar Lenja daidai take, don haka ita farar shinkafa take gani da gasasshen kifi. Ni tsutsotsi na gani, manya, farare, suna hawa kan juna cikin baƙin ganye mai yauƙi, ga matsattsaku a gefe sun sha sun yi tim. Na kawar da kai.

"Kaka," na ce wa tsohuwar, "na zo tafiya da tawa."

"Taki ce, jikata, wa ya hana ki? Wanda bai ci namu ba, ba namu ba ne."

Na damƙi hannun Lenja muka nufi tsani. Har na sa ƙafa a matakin farko, tsohuwar ta biyo mu da akushin ta miƙo shi a hankali, irin miƙowar da ake yi wa baƙo mai tafiya.

"Haba, 'yan mata, haka kawai?"

A wurinmu ba a juya wa abinci baya. Ko ka ƙoshi, in aka miƙo maka sai ka dangwala yatsa ka kai leɓe, in ba haka ba puni, alhakin ƙin abinci, ya bi ka, maciji ya sare ka a hanya ko kada ya ja ka. Da bulala kakar Lenja ta koya mata wannan. Hannunta ne ya tafi da kansa, tana ma kallona tana dariya. Ta dangwala, ta kai leɓe.

Na ga tsutsa guda ta maƙale a yatsan. Na ga ta lashe.

Dariyar ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa za ta taka tsanin, ƙafar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Na ja ta har kafaɗarta ta yi ƙara, kamar mai jan bishiya.

"Sakarya! Mai ladabin banza! Yau ma sai kin nuna tarbiyya?"

"Ban sani ba, wallahi ban san na yi ba." Hawaye na zubo mata. "Ki tafi, Chambai. Ke kin tsira, ki sauka."

Na leƙa ƙasa. Ga rana a kan rafi, ga hanyar gida sarai. Na tuna ɗakinmu, da ni kaɗai a ciki, ana shigowa ana yi mini jajen ƙawa. Ina son matar nan, son da ya fi ƙarfin hankalina, haushinta kuma kamar in shaƙe ta.

Na fizge akushin daga hannun tsohuwar, na cika tafina, na tura a baki. Suna motsi a kan harshena. Da na tauna suka fashe, ruwa mai ɗaci da sanyi ya bi maƙogwarona. Amai ya taso, na toshe baki da hannu biyu na mayar da shi, don ban sani ba ko in ya fito za a ce ban ci ba.

Daga baya na mayar da rigata daidai, har sau nawa, amma idon da ya riga ya gani ya ƙi rufuwa. Kullum sau biyu ake kawo mana akushin. Lenja ta yi ƙiba, kumatunta sun dawo. Takan zaɓo mini inda ya fi maiƙo ta kai mini baki da hannunta, ta ce, "Ci wannan, don ke na ajiye." Ni kuma in buɗe baki in karɓa. Har yau ban gaya mata abin da ke cikin akushin ba.