Tumatirin da Ya Wuce ta Zobe

Har yau idan na buɗe tsohon gwangwanin madarar nan, ƙamshin toka ke fara dukan hancina, sai in ga Inna durƙushe a lambun bayan gidanmu. A cikin tokar take ajiye irin tumatirinta, kamar yadda Kaka ta koya mata. Tumatirin 'yan ƙanana ne, masu kaurin fata, ba su da kyan gani.

Shekarar da na gama jami'a gwamnati ta fito da wani shiri: kicin ɗin makarantar unguwa zai riƙa sayen kayan lambu a hannun maƙwabta, wanda aka ɗauka kuma za a ba shi injin ban ruwa. Injin muke so. Shekara ashirin Inna tana jan guga, bayanta har ya fara sunkuyawa. Ni na cike fom ɗin, ina ji da kaina.

Jami'in shirin ya zo dubawa da wani zoben ƙarfe a aljihu.

"Duk tumatirin da ya wuce ta nan ya yi ƙanƙanta, ya faɗi," in ji shi.

Ya tsinko ɗaya ya saka a zoben, tumatirin ya zurma tafin hannunsa. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

"Mama, tumatir kike nomawa ko carbi?"

"Ɗan nan, ci ake yi, ba kallo ba," in ji Inna.

Ya yi dariya, ya ce a tuge su duka, zai ba mu sabon iri mai manyan 'ya'ya, sannan a yi maganar inji. Kafin Inna ta buɗe baki na riga ta.

"Malam, abincin gida kuka ce kuna tallafa wa. Wannan irin ya girme ka a unguwar nan. Ba za mu tuge ba."

"To, 'yar boko, sai ki shayar da shi da digirinki."

Da ya tafi Inna ta ɗauki guga ta nufi rijiya. A nan na gane abin da bakina ya jawo mata. Na karɓe gugan daga hannunta. Wata uku ina jan ruwa safe da yamma, tafukana suka yi kanta, ƙawayena suna tsokanata wai na samu aiki a hukumar ruwa. Duk Litinin kuma ina kan bencin ofishinsu da takardar ƙorafi. Ko kallon kirki ban samu ba, ban kuma fasa zuwa ba.

Mai girkin makarantar, wadda muke kira Gwaggo Ludayi, ita ta raba gardamar. Inna takan aika mata kwando kyauta. Wata Alhamis jami'in ya zo zagaye, ta aika aka kira mu, ta ja shi ɗakin ajiya. Babu firiji a ciki. Manyan tumatirin da aka kawo ranar Litinin sun ruɓe, ruwa na tsiyaya, ƙudaje na biki. Ta ɗauko na Inna, kwanansa tara, ta yanka, ja wur, tsaf da shi.

"Malam mai zobe, wanne za ka ba ɗanka? Ni girki nake yi, ba ɗaukar hoto ba."

Ya daɗe yana toshe hanci kafin ya zaro fom ɗinmu.

"Sunan irin?"

"Na Kaka," in ji Inna.

Haka ya rubuta. Zoben ma a kan teburin Gwaggo ya mance shi, da inji ya iso Inna ta ɗaure bakin tiyo da shi.

Rani huɗu ta yi tana ban ruwa a zaune a kan kujera, tana yi min tsiya wai ban iya riƙe tiyo ba. Yanzu kujerar babu kowa. Jiya na tankaɗe toka sabuwa, na zuba irin bana a gwangwani.