Jadawalin Yaya

Duk wanda ya taɓa kawo aiki shagon buga takardun nan da ke ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, ya san jadawalin Yaya. Layin sama shuɗi ne mai duhu da farin rubutu, na ƙasa kuwa ɗaya fari ɗaya ruwan toka, tokar ma mai haske wadda ba ta dagulewa in an yi fotokwafi. Da hannu take yin wannan duka, gida-gida, tana jan linzamin kwamfuta. Shekara da shekaru ke nan, kuma yabon bai taɓa isar ta ba.

Wuyan hannunta ne ya gaji. Likita ya naɗe shi, ya ce ita da linzami sai ya sake ganinta. Ciwon bai dame ta ba kamar tunanin abin da zai riƙa fita daga shagon ana cewa nata ne. Ƙanwarta Auta, wadda suke riƙe da shagon tare, ta fi ta saurin bugu nesa ba kusa ba, amma jadawalinta sai ka ce shanyar kayan yara, wannan dogo wancan gajere.

"Yaya, ki bari in koya wa kwamfutar hannunki," in ji Auta. "Akwai inda ake tsara salon jadawali sau ɗaya, a ajiye shi cikin samfuri, uwar takardar nan da muke buɗe sabon aiki da ita. Daga nan dannawa ɗaya ce."

"Kwamfuta ta san toka?"

"Ke za ki nuna mata."

Yaya ta ja kujera tana taɓe baki, amma kafin la'asar ta saki jiki. Ashe ba da umarni ma da daɗinsa. "Ƙara haske. Kin wuce, dawo. Ba rubutun fili, ya numfasa." Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da suka gama, Auta ta danna, sai ga jadawalin Yaya tsaf a fuskar kwamfuta, babu abin da za a tsinta. Aikin da ke cin safiyarta guda ya ƙare kafin ƙiftawar ido. Yaya ta ce madalla, amma a ranta ta ji haushi.

Wajen ajiyewa, akwai zaɓi biyu a can ƙasan akwatin: salon ya tsaya a wannan takarda kaɗai, ko ya shiga samfuri don duk takardun gaba. Auta, sarkin gaggawa, ta bar shi a na farkon. Yaya ta gani sarai. Ta buɗe baki, sai ta mayar da shi hamma.

Washegari shugaban makarantar bayan layi ya kawo tsarin jarrabawa, ya ce zai jira a benci. Auta ta buɗe sabuwar takarda da fara'arta, ta nemi salon jiya sama da ƙasa, babu shi babu dalilinsa. Yaya ta gyara zama. Tun a hanya ta tanadi maganarta: ai na faɗa miki, matso ki gani.

Auta ce ta riga ta magana, murya ƙasa-ƙasa don kada shugaban ya ji. "Zan yi shi gida-gida, ko zai kai ni azahar. Ke dai kar ki taɓa linzamin nan, don Allah. Jiya na ga yadda kike cije leɓe wajen ɗaukar kofi."

Yaya ta watsar da maganar da ta tanada. Ita ta ɗauka gwaninta yarinyar ke son nunawa, ashe hannun take tausayi. Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya biyo baya, har ya fi kunyar yawa.

"Buɗe takardar jiya," ta ce. "Shiga wajen gyaran salo. Duba can ƙasa. Ɗigon zaɓin nan, mayar da shi kan na biyu."

Auta ta mayar, ta ajiye, ta buɗe sabuwa. Ga salon nan zaune abinsa. Ta juyo a hankali ta dubi yayarta.

"Tun jiya kika gani?"

"Tun jiya."

"Allah ya shirye ki, Yaya."

"Amin, tare da masu gaggawa."

Dariya ta kama su har shugaban ya ɗago kai. Ba a jima ba firinta ta tofo takardar da ɗuminta. Ya gyara tabarau, ya bi layukan da yatsa yana gyaɗa kai.

"Aiki sai mai shi. Hajiya, hannu ya warke ke nan?"

Yaya ta ɗaga masa hannun da ke naɗe. "Da saura, Malam. Wannan Auta ce ta yi."

Ta ɗan saurara ko maganar za ta yi mata ciwo. Shiru, ba ta ji komai ba. Ta miƙa ɗaya hannun ta jawo shayinta kafin ya huce.