Sunan da Babu Gurbinsa a Takarda

Kwana ashirin da uku da haihuwa, macen da ya kamata a ce tana ɗakin uwarta a Tsamaye tana shan kunun kanwa, ana hura wutar ruwan wankanta, ita ce zaune a kan benci a cibiyar jami'a da ke Isa, da jariri a cinya. Amatullahi ke nan. A bangon da ke gabanta an manna wani babban hoto na mace tana murmushi, littafi a hannu, goyo a baya, an rubuta a ƙasa: "Jami'a tana tare da ɗalibai masu ciki da masu goyo." Ta karanta shi ya fi sau goma, don tun hantsi suke jira, kuma babu wani abin kallo.

Abin da ya fito da ita ba ƙarami ba ne. Ranar da za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, ranar naƙuda ta kama ta. Shekara shida ta yi tana bin wannan digiri na koyarwa, har da shekarar da hanyar Isa ta gagara bi saboda 'yan bindiga, kuma wannan ce ta ƙarshe da doka ta yarje mata. In aka karɓi uzurinta, ta rubuta jarrabawar a watan gobe. In aka ƙi, an sallame ta ke nan, shekara shida sun bi ruwa.

Mijinta Zaidu ya ƙetara Maraɗi da kaya, bai dawo ba. Saboda haka surukinta, Malam Nasiruddeen, shi ya rufe makarantarsa ta Sabon Birni, ya je Tsamaye ya lallashi uwarta, ya ɗauko ta a mota. Dattijo ne da duk garin aka sani da kaifin kunne. Yana ƙuryar zaure zai ji ɗalibi a bakin ƙofa ya ja wasali inda ba a ja, ya gyara masa ba tare da ya ɗaga kai ba. Tun da aka kawo Amatullahi gidansa ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta kama sunansa. Da ta haihu kuma, sai aka mayar wa jaririn sunan kakan. Ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan suruki, sunan ya haramta a bakinta ta fuska biyu. Sodangi ake ce masa a gida, shi ma ɗin sai ta kama dole take faɗa, a hankali.

Bayan azahar aka kira su. Dakta Abdurrazak, mai kula da al'amuran ɗalibai, yana bayan tebur, fanka tana kaɗa masa shi kaɗai. Ɗan garin Kurawa ne, kowa ya san gidansu, amma tun da ya dawo daga karatu ya ajiye Hausar gida ya ɗauki ta rediyo. Ya amsa gaisuwar Malam da rabin baki, ya jawo fayil.

"Doka ta ce ɗaliba ta sanar da jami'a a rubuce kafin cikinta ya wuce wata uku," in ji shi. "Ina takardarki?"

Amatullahi ta sunkuyar da kai. Wata uku! A wata uku ko uwar da ta haife ta ba ta gaya wa ba, sai da tsohuwar ta gane da kanta daga yadda take ture tuwo. Wace 'yar mutunci ce a ƙasar Gobir za ta zauna ta rubuta wa maza wasiƙa cewa ta yi cikin fari? Wanda ya tsara wannan doka ko dai ba a nan aka haife shi ba, ko kuwa ya manta da gangan.

"Ban rubuta ba, Dakta," ta ce.

"Takardar asibiti fa?"

"Gida nih haihu. Asibitin garinmu babu kowa tun bara. Ungozoma tak karɓe shi. Ga takardar mai unguwa."

Dakta ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya ajiye ta gefe. Sai ya shiga ba su labarin wata ɗaliba da ya ce ta taɓa aro jaririn maƙwabta don a ɗage mata jarrabawa. Yana magana yana kallon yadda Amatullahi ta riƙe yaron a gefen cinya, fuskarta a kauce, kamar ajiyar wani aka ba ta. To da yaya za ta riƙe shi? Ta rungume ɗan fari tana yi masa wasa a gaban surukinta? Dakta ya san amsar sarai. Shi kansa ɗan fari ne, kuma har yau da furfurarsa, in ya je Kurawa "wancan na birni" uwarsa take ce masa.

"Wannan yaron naki ne?"

"I."

"To mene ne sunansa?"

Fanka tana ta ƙara a kansu. Amatullahi ta ƙara kauce fuska.

"Sodangi," ta ce, da ƙyar.

"Sodangi ba suna ba ne. Sunan yanka nake tambaya."

Malam Nasiruddeen ya gyara zama. "Dakta, ni nir raɗa mai suna da bakina. Bari in hwaɗa maka."

"Uwar nake tambaya, Malam."

"To bari in hita waje, ku gama."

"Kai ne shaidarta. In ka fita, zaman ya tashi, kuma ba na sake zama sai sabon zango."

Amatullahi ta miƙa hannu wajen biron da ke kan tebur. "In rubuta maka, Dakta?"

Ya janye biron. "Da baki. Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ni ban taɓa ganinta ba."

Wallahi ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Amma wanda ke bayan tebur ba a ce masa ya yi ƙarya. Abin da Amatullahi ta ji ba kunya kaɗai ba ce, har da fushi irin wanda ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Ta tuna safiyoyin da ta hau kabu-kabu da ciki wata takwas don kada ta rasa lacca. Ta tuna 'yan matan Tsamaye da uwayensu ke cewa in ta gama ita za ta koyar da su, tunda malaman da ake turowa ba sa zama. Ta dubi agogon bango, ta dubi fayil ɗin da Dakta ya fara rufewa a hankali, yana jira.

Ba ta san lokacin da ta ɗago kai ba. Ta dube shi ido cikin ido.

"Nasiruddeen," ta ce. "Sunanai Nasiruddeen."

Ba ta yi raɗa ba. Sunan ya fito sarai, har mai share baranda ta dakata da tsintsiya. A gefenta ta ji carbin Malam ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ita kuwa ji ta yi kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwar Sabon Birni.

Dakta ya yi ɗan murmushi, na wanda ya ci gardama. Ya zaro wata takarda daga aljihun tebur, ya yi ɗan zane guda, ya buga hatimi, ya juyo mata da ita. "Sa hannu a nan. Shaida ya sa a ƙasa."

Ta karanta. Sunan ɗaliba. Lambarta. Darasin da ta rasa. Sai dalili, da 'yan akwatuna uku: rashin lafiya, rasuwa, haihuwa. Ya yi maki a na ukun. Ta bi takardar daga sama har ƙasa, ta juya bayanta, fari fat.

"Dakta, ina kar rubuta sunan?"

"Wane suna?"

"Na yaron."

"Ai ba a buƙata," in ji shi, yana duba wayarsa. "Ki zo ran sha biyu ga watan gobe. Kada ki makara, ba ma jiran kowa."

Ta sa hannu. Malam ya sa nasa da ajami, a natse, ya yi wa Dakta sallama cikakkiya, wadda bai cancanta ba.

A waje rana ta yi sanyi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Malam yana gaba, ita tana baya da taku biyar kamar kullum, goyon ya yi mata nauyi. Ta sami abin da ta zo nema, amma ba ta san da wace fuska za ta ƙara durƙusawa ta gaishe da wannan dattijo ba. So take ƙasa ta tsage ta shige. A haka suka wuce hoton matar nan mai murmushi.

Sai a bakin tasha ya tsaya. Bai juyo ba, ya dai karkato kai, ya sa tafin hannu a bayan kunne.

"Ɗiyata," ya ce, "tsuhwa ya ci kunnena. Ga hwankag ga tasu mai ƙara. Tun da munka shiga ban ji komi ba. Mi anka ce, an yarda ki yi jarrabawar?"

Mutumin da ke jin kuskuren wasali daga ƙuryar zaure.

"An yarda, Baba," ta ce.

"To alhamdu lillahi. Shiga mota, kar ruwa shi taɓa mai jego."

Ta shiga ta zauna a kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hawayen da ta hana Dakta gani suka zubo, suna ɗiga a kan takardar da Dakta ya ba ta, ta yi maza ta ɗaga ta sama don kada hatimin ya jiƙe.