Injin da Myrtle ta zaɓa

A shekarar da ciwon yayata Myrtle ya kai ta ƙasa, ruwan Cape Town bai yi mana da sauƙi ba. Tun farkon Yuni sama ta rufe, ga sanyi, ga iska mai shiga ƙashi. Ni ina zaune a unguwar Retreat, su suna unguwar Grassy Park, saboda haka kusan kullum sai na leƙa su bayan na tashi daga aiki.

Ciwon daji ne ya kama mata ƙashin baya. Da farko tafiya ce ta gagara, daga baya riƙe fitsari ma ya gagara. Mijinta Aubrey, tsohon direban bas da ya yi ritaya, shi ya ɗauki jinyar. 'Yarsu ɗaya ce, Renecia, tana aure can garin Upington, tafiyar yini guda. Aubrey ya koyi juya mara lafiya, ya koyi dafa miyar wake, ya koyi wanki. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne shanya.

Idan ka shiga gidan, zanin gado ne ko'ina. A bayan kujeru, a kan ƙofa, a igiyar da ya ɗaura daga tagar falo zuwa kicin. Kwana biyu zani bai bushe ba, sai ya fara warin danshi. Bangon ɗakin Myrtle ya yi baƙi-baƙi ta kusurwa, ita kuma ta fara tari. Wata rana na tarar da shi yana bin zani da dutsen guga, tururi na tashi, gilashin idonsa ya yi hazo.

"Yaya Aubrey, ka buɗe shagon wanki ne ba ka gaya mana ba?"

"Ke dai Gaynor, bakinki ya fi hannunki aiki. Kama min can mu ninke."

Ranar na kai wa Myrtle shayi, ta ce na ajiye. Da zan tafi na ga kofin yana nan yadda na bar shi, kwalbar ruwan da ke gefen gadon ma a cike. Leɓenta duk ya tsage. Na zauna na tsare ta da ido har ta gaji ta kawar da kai.

"Zani ɗaya ne ya rage busasshe," ta ce a hankali. "In na jiƙa shi, a kan me zai kwantar da ni? Kada ki gaya masa."

Na gaya masa. A kicin na same shi na faɗa masa matarsa ta daina shan ruwa saboda shanya. Ya cire gilashi, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce ranar Asabar in zo da mota, za mu je mu sayo injin busar da kaya.

Mun so mu bar ta a gida, ta ƙi. Myrtle ta yi rabin rayuwarta a masana'antar ɗinki a unguwar Salt River, kuma ko cokali ba a taɓa saya a gidan nan ba tare da ta juya shi a hannu ba. Ta sa na gyara mata gashi, ta sa jan baki, muka lulluɓe ta da bargo muka ɗora a keken marasa lafiya.

A kantin, wata mata mai suna Nomvuyo ta karɓe mu. Ta nuna mana iri biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani: yana hura zafi sosai, yana fitar da tururin waje ta bututu, cikin ɗan lokaci kaya sun bushe. Yana da araha, amma yana shan wuta kamar ba gobe. Na biyu ba ya zubar da zafinsa. Iskar ɗumin da ya yi amfani da ita yake sake juyawa, ya tatse ruwan kayan ya tara a wani ɗan tanki da ake zarewa a zubar. Ba a huda masa bango, ba ya ƙona tufafi, wutar da yake ci ba ta kai rabin ta ɗayan ba.

"Amma ba zan ɓoye muku ba, Baba," in ji Nomvuyo. "Ya fi tsada sosai, kuma ba ya sauri. Sai an yi haƙuri da shi."

"To an gama," in ji Aubrey, ya dafa na farkon. "Wannan muke so. Sauri nake nema."

"Ba shi ba," in ji Myrtle.

"Tsohuwa, zani nake so ya bushe yanzu-yanzu. Ba zan zauna ina jiran inji yana yanga ba."

Myrtle ba ta kula shi ba. Ta tambayi Nomvuyo shekara nawa ake yi kafin rangwamen wutar ya mayar wa mutum tsadar da ya biya. Matar ta ce ya danganta da yawan wanki, amma dai sai an yi 'yan shekaru.

"Kin ji ko?" in ji Aubrey. "'Yan shekaru."

"Na ji. Shi ya sa." Ta gyara bargon a gwiwarta. "Yanzu fansho biyu ne ke shigowa gidan. Nan gaba ɗaya ne zai rage. Na san ka, Aubrey. Kana ganin mitar wuta tana gudu za ka kashe shi, ka koma saka riga mai danshi, ga ƙirjinka ba lafiya gare shi ba."

Kantin cike yake da mutane, rediyo na tashi. Nomvuyo ta sunkuyar da kai tana gyara wata takarda da ba ta buƙatar gyara. Tun da likita ya yi mana bayani, ba wanda ya taɓa furta maganar a gaban Aubrey. Shi kullum cewa yake in rana ta fito za ta miƙe.

Ya juya ya fita. Na bar Myrtle da Nomvuyo na bi shi. Na same shi a jikin motata, ruwa na dukansa, ya sa hannu biyu a aljihu.

"Yaya, shigo ciki mana, za ka jiƙe."

"Na kawo ta mu saya mata abu, ita kuma tana yi min sayayyar zaman takaba." Ya juyo ya kalle ni. "A gaban mutane, Gaynor."

"Ka san halinta. Ba ta iya tafiya ta bar gida a hargitse."

Ya share fuska da tafin hannu, muka koma.

Kafin mu iso har ta gama zaɓe. Akwai mai allo da ake shafawa, ta ce a'a, idonsa ba zai gani ba, a ba su mai maɓallin murɗawa. Ta sa Nomvuyo ta nuna masa yadda ake zare tankin ruwa, da yadda ake cire matatar a share audugar da ke taruwa. Ta sa ya yi da hannunsa, ya sake yi. Tsoho mai furfura, rigarsa na ɗiga, ya durƙusa a tsakiyar kanti yana koyon share matatar inji, matarsa na kallo daga keke tana cewa, "Ba haka ba, ta gefe za ka ja." Bai yi musu ba ko sau ɗaya.

Da aka kawo injin, a kusurwar kicin aka ajiye shi. Satin farko Aubrey bai bar zaginsa ba. Yakan tsaya a kansa da hannu a ƙugu yana cewa ko tsohuwar bas ɗin da ya tuƙa ta fi wannan abu hanzari. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai ya leƙa ɗaki ya ce, "Ga zaɓinki nan ya yi barci." Ita kuma ta ce ai ba injin ne ya ɗauke wutar ba. Daga baya ya gane kansa: ya riƙa duba jadawalin ɗauke wuta da ake fitarwa, ya yi wanki da sassafe, ya ƙaro zannuwa biyu don kada a rasa na canji.

Igiyar falo ta sauka. Warin danshi ya tafi, muka wanke bangon. Myrtle ta koma shan shayinta, har tana neman ƙari. Abin da ta fi so shi ne a ciro zani da ɗuminsa a shimfiɗa mata nan take. Takan lumshe ido ta ce rabon da ƙashinta ya ji ɗumi haka tun kafin ciwon. Ranar Lahadi in na dawo daga coci na kawo musu soyayyen kifi, nakan ji ta daga kan gado tana ba shi umarni: kada ya sa rigar ulu, kada ya cika shi har baki, ya zubar da ruwan tanki a tukunyar furanninta. Makonnin nan su ne mafi daɗi da muka samu a shekarar, kuma ba su da yawa.

Ta rasu a watan Satumba, da hantsi, ranar da gari ya waye garau. Renecia ta iso kwana biyu kafin nan, ta samu ganinta da rai.

Bayan jana'iza Renecia ta so ta tafi da mahaifinta, ya ƙi. Ya ce gidansa nan ne. Ya zauna shi kaɗai har damina ta zagayo, kuma ya yi duk abin da aka koya masa. Ban taɓa ganinsa da riga mai danshi ba. Sai dai ya rame, yana mantuwa, wata rana ya bar tukunya a wuta har maƙwabta suka shigo. Da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, ba a sake tambayar ra'ayinsa ba. Aka sayar da gidan.

A Upington ana shanya riga kafin a juya ta bushe, saboda haka ba amfanin ɗaukar injin. Ni aka bar wa. Ranar da aka zo ɗauka, Aubrey yana zaune a kujera da sandarsa, ya ce wa masu ɗaukar su yi a hankali, kada su kwantar da shi. Bai kalle shi ba lokacin da aka fita da shi.

Yakan kira ni a waya duk ƙarshen mako. Ba ya son garin, ya ce rana ta yi yawa, ba wanda ya sani. A watan Yulin da ya wuce, bayan wani ruwa da aka kwana uku ana yi, ya kira ni ba a ranar da ya saba ba. Ya ce ya ji a labarai ruwa ya kwanta a unguwanninmu.

"Kin je wurinta?"

Na ce na je jiya. Ruwa ya cika hanyar maƙabartar, sai da na bi ta gefe, amma bai kai inda take ba.

"Kin tabbata, Gaynor?"

"Da idona na gani, Yaya. Wajen yana kan tudu."

Daga can ciki na ji Renecia tana kiransa ya zo ya ci abinci. Ya ce to, ya gode, in gaishe da yara, ya ajiye wayar.