Ƙarfen Furen Baba

Shekara da shekaru Inna Sa'adatu tana gadin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta, ba ta yarda ko kyankyaso ya leƙa. A ciki akwai ƙarafan ado na mijinta marigayi, baduku ne da duk unguwar Kwarbai aka san hannunsa. Irin ƙarafan nan ne masu tsawon yatsa, a ɗora bakinsu kan fata, a buga da guduma, zane ya fito. Autanta Labaran, wanda ya gaji sana'ar, ya roƙa har bakinsa ya bushe, kullum amsa ɗaya: "Da saura." Uban ya rasu tun yana ɗan koyo, bai wuce yanka da ɗinki ba, don haka ko cikin gwangwanin bai taɓa gani ba.

Sai ranar da gafakar Alƙur'aninta ta yage, ta kira shi.

"Auta, ɗinka min sabuwa. Ka sa min furen babanku mai ganye takwas, irin na jikin wannan. Ɗauki gwangwanin."

Labaran ya durƙusa, zuciya fal murna, ya zura hannu. Wayam! Ya haska da waya, sai ƙura da takalmi wari guda. Inna idonta ya yi rauni, ba ta ga fuskarsa ba. Ya ce, "To, Inna," ya fito tsakar gida yana huci, ya tari matarsa Barira a bakin murhu.

Ashe makon jiya ne, da ruwa ya yi yoyo a ɗakin Inna tana can gidan suna a Ƙofar Galadima, Barira ta fito da kaya shanya. Ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da baronsa, ta haɗa masa fasasshiyar tukunya da tsohon risho, ta ɗora masa gwangwanin.

"Kusoshi ne fa masu tsatsa, Malam," in ji ta.

"Kusoshi? Barira, kina auren baduku, kina kwana kina tashi cikin warin fata, ki ce min kusoshi?"

"Ai da ka faɗa min."

"In faɗa miki me? Kada a sayar wa mai baro gadon ubana? Wannan ma sai an rubuta a bango?"

Bai tsaya jin sauran ba. Ya kwashi guduma da guntun fata da kwalbar kananzir, ya hau babur. Tambaya ta kai shi Tudun Jukun, wani fili inda 'yan gwangwan ke juye abin da suka samo. Mai wurin, wani Suhaib, yana kishingiɗe kusa da sikeli yana sakace, ga babbar mota ana loda mata ƙarfe za ta kai kamfanin narkawa.

Labaran ya zayyana masa bayani tun daga kan marigayi. Suhaib ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma mu nan, Malam, ba mu san na wane ba, kilo muka sani."

Ya nuna masa rabin duro da ƙafa. Wai kwanan nan wasu magada ma sun kawo kayan dukancin tsohonsu, duk an zuba wuri ɗaya.

"Ka tsinci wanda kake so mu auna maka. Wanda ba ka so, wurga shi mota. Yau za ta tashi."

Kai, duniya! Ƙarafan mutum biyu ko uku ne a cakuɗe da noti da filogin babur da matattun kwaɗunan ƙofa, kowanne tsatsa ta rufe masa baki. Labaran ya zauna a ƙasa, ya yayyafa wa fata ruwa don ta karɓi zane. Ya ɗauki ƙarfe, ya tsoma a kananzir, ya goge da tsumma, ya ɗora, ya buga, ya duba. Zanen dagi ya fito. Ya ajiye dama. Na gaba ƙafar kaza. Na gaba idon zakara, sai tauraro, sai wani ɗan ƙasar waje mai lamba a jiki wanda ke fitar da ganyen da ba a taɓa ganin irinsa a Zazzau ba. Ga wanda ya narka wa guduma da kyau kafin ya gane ashe kusa ce ta gaske.

Suhaib kuwa ya samu abin kallo, ya jawo benci.

"Malam, wannan fa? Kamar fure."

"Noti ne."

"To wancan? Wallahi da ni ne, sai in sayi sabo a kasuwa in huta."

"Shi ya sa ba kai ba ne," Labaran ya faɗa, haƙora a cije.

Rana ta take, kananzir ya shiga yankan da ke yatsansa, gumi yana ɗiga kan fatar. Abu ɗaya yake nema, fure mai ganye takwas, wanda tun yana yaro yake ganinsa a jikin gafakar Inna. Ya tabbata da ya fito zai gane shi, don ƙarfen gwani ai ba ya ɓuya. Duk mai kyan ƙira sai ya ce wannan na Baba ne, ya ajiye. Can ya ci karo da wani guntu, karkatacce, ƙeyarsa ta baje saboda duka. Ya buga, fure ya fito. Ya ƙirga ganye: huɗu. Takaici ya turnuƙe shi.

"Dubi wannan don Allah! Ko ɗan koyo ya fi ƙarfinsa. Ina da irinsa sabo dal a shago."

Ya miƙe ya wurga shi da iya ƙarfinsa, ya ji ƙararsa can cikin motar. Har ya kai gindin duron bai ga takwas ba. Ya biya abin da ya tsinta, yana ɗaure ƙunshinsa motar ta ja ta fita, Suhaib yana yi masa a sauka lafiya.

Bayan la'asar ya shiga ɗakin Inna, ya zauna bakin tabarma. Ɓoyewa ba ta da amfani, ya faɗa mata komai, ya ɗan sassauta laifin Barira. Ya kwance ƙunshin a gabanta.

"Na samo da yawa, Inna. Amma mai ganye takwas ɗin, wallahi na duba ɗaya bayan ɗaya, babu shi."

Ya zata kuka za ta yi. Sai tsohuwa ta fashe da dariya har tana tari.

"Kai Auta, wa ya ce maka akwai mai takwas? Huɗu ne! Babanku sai ya buga, ya ɗan juya shi, ya sake bugawa a kai. Shi ya sa ba wanda ya iya kwaikwayonsa, sun yi ta zarya wurin maƙera a banza."

Labaran ya sake kallon ƙarafan da ya baje a gabanta.

"Wani guntu ne, mummuna, ƙeyarsa a baje," ta ci gaba, fuskarta ta yi haske. "Da shi ya fara sana'a, da shi ya buga adon takalman aurena. Sauran duk tarkace ne, don shi kaɗai na riƙe gwangwanin nan."

Ta buɗe tafin hannunta, ta miƙo wajen da take jin numfashinsa.

"Ba ni shi in taɓa, Auta. Na daɗe ban riƙe shi ba."