Tausar da Likita Ya Hana

"Ni kuma sikanin?" in ji Malam Shu'ibu ta cikin robar iskar da ke bisa hancinsa. "Likita, ciki gare ni?"

Likitan ya yi dariya a bayan takunkuminsa, ya ce a ɗage masa zane zuwa cinya. Yaro ne, Dakta Fatihu, da ƙyar in ya girmi ɗana na biyu. Ya matsa wani mai mai yauƙi a fatar, ya ɗora kan na'urar, wani ɗan abu kamar sabulun wanki da waya ta haɗa shi da ƙaramin allo. Ni na kawar da kai na dubi allon. Maƙwabci ai ba muharrami ba ne, ko da kun tsufa katangarku ɗaya. Tuwo na kawo wa matarsa Yelwa, wadda ke jinyarsa, abin ya rutsa da ni.

Shekarar da cutar numfashin nan ta shigo Haɗeja ce, ta riƙa ɗauke mana dattawa kamar ana zaɓe. Shi ma ranga-ranga aka kai shi asibiti. Amma a lokacin zazzaɓin ya sauka, an fito da shi daga ɗakin da ake killacewa, har mun fara cewa ya tsallake. Sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, tana ƙyalli.

Da ƙafar dama likitan ya fara. Wani baƙin zobe ya fito a allon, ya ce jijiyar jini ce. In ya danna sai ta rufe, in ya saki ta buɗe. Amma a cikinta akwai wani fari-fari da ke juyawa a hankali, kamar hayaƙin ɗanyen ice a madafi. Malam Shu'ibu ya ɗaga kai ya ƙura masa ido.

"Wannan ruwan kwance yake," ya ce. "Haka gulbi ke yi inda ciyawar kacalla ta toshe shi."

"Haka ne, Baba. Cutar tana sa jini kauri, kwanciya kuma na ƙara masa. Inda ya yi irin wannan, yana gab da daskarewa."

Ya koma ƙafar hagu. Ya danna, zoben bai rufe ba. Ya sake gwadawa a bayan gwiwa, nan ma ko gezau. Dariyar ta bar idonsa. Ya ce nan kam ya riga ya daskare, gudan jini ne zaune a jijiyar. Za a riƙa yi masa allura a fatar ciki don kada ya ƙaru. Sannan ya juyo ga Yelwa.

"Inna, ki ji ni da kyau. Kada a matsa masa ƙafar nan. Ba tausa, ba ja, ba murzawa. In gudan ya ɓalle, huhu zai nufa."

"Ko a hankali?"

"Ko a hankali."

"Ko tafin ƙafar kaɗai?"

"Inna, a bar ta kawai."

Likitan bai san abin da ya hana ba, ni na sani. Malam Shu'ibu manomin shinkafa ne a fadama, in ruwa ya cika kuma ya ɗauki komarsa ya shiga kamun kifi. Rayuwarsa duk a tsaye ya yi ta cikin taɓo. Tun da na zo unguwar ina amarya, ba yammar da zai dawo ban jiyo ta katanga Yelwa na cewa, "Miƙo nan" ba. Sai ta ɗora ƙafafun a cinyarta, ta lakato man kaɗanya, tana matsawa suna faɗan farashin taki da akuyar da ta shiga rumbu. Su ba masu daɗin baki ba ne, ban taɓa jin ya yaba tuwonta ba. 'Ya'yan da Allah ya ba su babu wanda ya rayu. Abin da ke tsakaninsu a hannun nan nata yake. Na sha tsokanar ta cewa ta sangarta tsoho, ta ce in je in sangarta nawa in ina iyawa. Gaskiya kishi nake ji, don ni nawa marigayin ko atishawa na yi sai ya ce na cika hayaniya.

Ƙafar ta yi ta zugi. Duk zuwan da na yi sai na tarar yana roƙon ta.

"Yelwa, ɗan matsa min sha-raɓar nan. Kamar ana hura wuta."

"Malam, ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ne mijinki?"

Sai ta gyara masa matashi, ta yi masa fifita, ta ba shi kunu a cokali. Komai tana yi, har tasar ba-haya ita ke fitarwa. In ta zauna kuwa sai ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, don ta ce min da kansu suke tafiya.

Matan da ke jinya a sauran gadajen ba su bar ta ba. Bakin mutane ai ba ya hutu ko a asibiti. Na ji wata a bakin famfo tana cewa, "Miji na kuka da ƙafa, ta naɗe hannu. Tsoron ɗauka take." Na ce mata in ta gama wanke kwanonta ta wanke bakinta. Amma magana in ta fita ba ta komawa, kuma ɗakin ba shi da girma. Ta kai kunnensa.

Ranar wata Laraba da hantsi na shiga duba su. Yelwa ta miƙa masa kofin ruwa, ya dube ta ya daɗe.

"Ashe ƙyamata kike yi," ya ce. Muryar ba ta da faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

"Malam, ni?"

"Ba komai. Kowa yana son ransa." Ya juyo gare ni. "Kulu, ke miƙo min ruwan."

Na karɓi kofin daga hannunta, don ban san yadda zan yi ba. Na ce, "Haba Malam, matar da ke kwana a ƙasan gadonka? Don kai take yi." Ya sha, ya juya fuska bango. Ciwo ne ke magana, na sani, ita ma ta sani, amma sanin bai hana hawaye jiƙa mata takunkumi ba.

A waje ta kama ni ta ce, "Yaya Kulu, in ɗan shafa masa? Sau ɗaya, ya san ba haka ba ne."

Na ce mata a'a. Na ce ta daure, in ya warke yana da sauran shekarun da zai ba ta haƙuri. Ta gyaɗa kai ta koma ta zauna kan hannuwanta.

Bayan azahar ya ce a tayar da shi zaune. Yana zama ya dafe ƙirji, numfashi ya riƙa fizgarsa, leɓɓansa suka yi toka-toka. Aka kira Dakta Fatihu ya zo da gudu, na'urar a hannu. Wannan karon a ƙirji ya ɗora ta. Na hango zuciyar a allon, gefe ɗaya ya buɗe ya danne ɗan'uwansa. Aka ƙara iska, aka yi allura, aka fitar da mu. Yelwa na tsaye a bakin taga tana kiran "Malam" a hankali, tana maimaita masa kalmar shahada. Ban sani ba ko ya ji.

Da likitan ya fito ya sauke takunkuminsa, ba sai ya yi magana ba, mun gane Malam Shu'ibu ya cika. Muka yi salati.

"Likita, ban taɓa ba," in ji Yelwa. "Wallahi ban taɓa ba."

"Na sani, Inna. Wani lokaci da kansa yake ɓallewa. Kin yi abin da ya dace."

Ta dube shi kamar za ta tambayi wani abu, sai ta fasa. Ni ban ji haushin yaron ba, gaskiyarsa ya faɗa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ɗora wa.

Aka kawo shi gida aka shimfiɗe a ɗakinsa. Maza suka cika zaure, an ɗora ruwan wanka, liman ya aiko cewa a hanzarta, ana so a kai shi kafin rana ta faɗi. Yelwa ta tashi daga cikin matan ta ce min, "Yaya Kulu, tsaya min a ƙofa."

Na tsaya na saki labule a bayana. Masu wanka suka iso da bokiti, na ce su dakata. Babbansu ya ce lokaci na tafiya. Na ce lokacin ya yi ta tafiya, matar mamacin na ciki.

Da na ga ta daɗe na ɗaga gefen labulen. Tana zaune a ƙasa, ta ɗora kumburarriyar ƙafar a cinyarta, tana matsawa daga diddige zuwa gwiwa, a hankali, ba ta kuka. Daga zaure wani ya yi gyaran murya. Ta sauke wannan a kan tabarma, ta jawo ɗayar.